Bindigar da na gada ta daina saiti, ko bututunta ne ya ƙone?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Dass nake rubuto maka. Na gaji raifil mai cin harsashin .22 daga mahaifina, wadda yake korar birai da ita daga gonar masara, wani lokaci kuma ya harbo zabi. A hannunsa ba ta kuskure. Bayan rasuwarsa ta yi kusan shekara uku a rataye a ɗaki, yanzu da na sauko da ita sai harsashi ya riƙa bin inda ya ga dama. Wani ya ce bututun ne ya ƙone, wani ya ce in kai wa maƙeri ya yanke bakin. Daga waje kuwa sai ƙyalli take yi. Yaya zan gane lafiyar bututun?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ji ƙan baba, ya kai haske kabarinsa.

Ɗan'uwa, ina roƙonka kada ka sake ɗana mata harsashi sai ka leƙa cikinta. Bindigar da ta shekara uku a rataye a ƙasarmu, abin da na fi tsoro a cikinta shi ne zanzaro. Yana son rami mai duhu, kuma bututun .22 daidai da shi ne, sai ya shiga ya yi gininsa na laka ya toshe. Na sha ganin haka a shekarun da na yi ina duba bindigogi. Tunda ka riga ka harba ta, idan akwai abin da ya toshe, ta yiwu ya bar tabo, kuma tabon nan za mu fara nema.

Ka juya bakinta inda babu kowa, ka cire gidan harsashi, ka buɗe sakata, ka duba mazaunin harsashi, wato ramin da harsashi yake zama a gindin bututu, da ido, ka kuma taɓa da yatsa. Sannan ka zare sakatar gaba ɗaya. Ka sa farar takarda a rana, ka nuna ta da bakin bindigar, kai kuma ka leƙa ta baya. Hasken takarda ya fi na tocila, domin tocila tana kashe ido ta ɓoye aibi.

Abin da za ka gani shi ne layukan kwarmi da tudu suna tafiya a murɗe kamar tufkar igiya, tun daga mazaunin harsashi har baki. Su ne suka bambanta raifil da bindigar toka ko mai baki biyu, waɗanda cikinsu sumul yake. Tudun nan yana cizon jikin harsashi ya sa shi juyawa, kamar yadda katantanwar yara ba ta faɗuwa muddin tana juyi. A yawancin bindigogin .22 harsashi yana yin juyi ɗaya a cikin inci 16, wato kusan santimita 40. Da yake yana fita da gudun kusan mita 330 a daƙiƙa, yana juyawa ke nan sau 800 da 'yan kai a kowace daƙiƙa. Wannan juyi shi ke riƙe kansa a gaba. Idan tudun ya side, ko dauɗa ta cike kwarmin, harsashi zai fita yana tangaɗi.

A bututu mai lafiya, gefen kowane tudu yana da kaifi, hasken kuma yana tafiya bai ɗaya. Idan ka ga cikin ya yi duhu ya dushe, kada ka yanke hukunci tukuna. Harsashin .22 dalma ce, nauyinsa bai kai giram 3 ba, kuma yana barin dalma da kakin da aka shafa masa a jikin ƙarfe. Tsohon mai ya bushe a kai, ƙurar hunturu uku ta hau, laimar damina uku ta jiƙa. Sau da yawa abin da ake kira bututu ya mutu, wanki kawai yake so. Ka samo sandar gogewa mai santsi, da burushin tagulla daidai girman bututun, da man bindiga, ka wanke ta baya zuwa gaba har tsumman ya fito fari. Bayan nan ne ganinka zai zama gani.

Maganar ƙonewa kuwa ban yarda da ita ba a wannan bindiga. Gaskiya ne bututu yana ƙonewa, a maƙogwaronsa, gaban mazaunin harsashi kaɗan, inda wutar albarushi ta fi zafi. Amma wannan ciwon manyan bindigogi ne masu cin albarushi da yawa. Albarushin .22 kaɗan ne, bututunta yana ɗaukar harbi dubbai masu yawa bai gaji ba, kuma ba na jin korar birai ta kai baba ko kusa da haka. Tsatsa da mugun wanki su ne suke kashe irin wannan.

Tsatsa iri biyu ce. Akwai ja-ja ta sama wadda burushi yake ɗaukewa, akwai kuma wadda ta ci ƙarfe ta bar ƙananan ramuka kamar zanzana. Ramuka marasa zurfi a tsakiyar bututu ba su cika hana saiti ba, sai dai su sa dalma ta riƙa taruwa da wuri. Idan suna kusa da baki, saiti ya tafi. Idan kuma suna cikin mazaunin harsashi, za ka ga kwanson harsashi yana maƙalewa ko ya fito a tsage, wannan ya wuce maganar saiti ya zama maganar idonka.

Yanzu ga tabon da na ambata. Ka naɗa tsumma a kan sanda yadda zai shiga a matse, ka ɗan shafa mai, ka tura a hankali da ƙarfi iri ɗaya. Hannunka zai gaya maka abin da ido bai gani ba. Idan ka zo wani wuri sandar ta zame gaba kamar ta faɗa rami, sannan ta sake matsewa, bututun ya kumbura a nan. Idan ka leƙa za ka ga baƙin zobe a wurin, wani lokaci ma yatsa yana jin ɗan tudu ta waje. Abin da ke kawo shi shi ne a harba alhali wani abu ya toshe, ko laka, ko ginin zanzaro, ko harsashin da ya maƙale. Tsohon harsashin da ya sha laima yakan yi 'yar ƙara mara ƙarfi ya tsaya a hanya, mai harbi bai kula ba ya bi shi da wani. Duk ranar da ka ji ƙarar ta bambanta da wadda ka saba, ka tsaya ka duba. Bututun da ya kumbura ko ya tsage, ni dai ba na barin kowa ya sake kai shi kusa da fuskarsa sai gwani ya gani.

Inda na fi zargi a taka bindigar shi ne baki. Wannan ɗan zagayen ƙarshe da harsashi yake rabuwa da ƙarfe, shi ne yake sallamarsa. Iskar da ke tura shi dole ta fito ta ko'ina lokaci ɗaya. Idan gefe ɗaya ya loɓe ko ya side ko da kaurin gashi ne, iska za ta riga fita ta nan ta bugi gindin harsashi ta karkatar da shi. Mutanenmu suna jingine bindiga baki a ƙasa, suna kuma goge ta ta gaba da waya ko sandar ƙarfe, kullum tana gugar gefe guda. Ka ɗauki hoton bakin da wayarka a rana ka ƙara girmansa, ka ga ko tudun duk sun iso ƙarshe da kaifinsu. Ka kuma zagaya auduga a hankali, in ta kama zare akwai kaushi. Wanda ya ce a yanke bakin ya kusa da gaskiya, amma zarton maƙeri ba zai ba ka yanka miƙaƙƙe ba, injin gwani ne yake wannan aiki. Kuma dokar makamai ta 1959 ba ta yarda kowa ya yi gyaran bindiga ba sai da izini. Haka nan lasisi sunan mutum ɗaya yake ɗauka, ba a gadonsa, don haka ka je hedikwatar 'yan sanda a Bauchi ka daidaita takardunka kafin ka fita da ita.

Idan ka wanke, ba kumburi, baki lafiya, sai a gwada harbi a jikin takarda. Ka fara ɗaure ƙusoshin da suka haɗa ƙarfe da katako, domin katako yana kumbura da damina ya tsuke da rani, sai su saki. Ka taɓa abin saiti na gaba da na baya ka ji ko suna motsi. Ka sami wurin da tudu ko ganuwar ƙasa take bayan abin harbi, ba dutse ba, kuma duwatsun Dass ka san su, harsashi yana tsalle a kansu. Ƙaramin harsashin nan yana wuce kilomita ɗaya da rabi. Ka ɗora bindigar a kan buhun yashi a nisan mita 25, da harsashi sabo na kamfani ɗaya. Harbin farko guda biyar zuwa goma bayan wanki kada ka ƙirga su, bututun .22 sai ya ɗan sake shan kaki yake natsuwa. Sannan ka harba biyar a wuri ɗaya ba tare da gyara saiti ba.

In biyar ɗin suka taru a wurin da marfin kwalbar lemo zai kusa rufewa, a ganina bututun baba lafiyarsa lau, ko da sun taru nesa da inda ka nufa, wannan gyaran abin saiti ne kawai. In sun jeru daga sama zuwa ƙasa, ka zargi katako ko harsashin. In sun warwatse, ka ba wani wanda hannunsa ya faɗa ya gwada, don baba ya yi shekaru yana sabawa da kunamarta, kai kuwa yanzu ka fara. Amma idan ka ga hujin takarda ya yi tsawo maimakon zagaye, harsashi a kwance yake isa, kuma bayan wanki mai kyau wannan yana nufin layukan ciki sun daina kama shi. A nan sai ka kai ta ga mai izinin gyara ya auna bututun.