Amsa ga Malam kan allunan ɗaliban Japan

Assalamu alaikum. Malam, na ga hoton allunan katakon da ka turo, da tambayarka ko gaskiya ne ɗaliban Japan suna zuwa wurin bauta roƙon cin jarrabawa. Gaskiya ne, amma na san abin da kake son ji shi ne ko sun jingine karatu sun dogara da roƙon. Ko kusa. Yaron da ka ga yana rataye allo, da ya fito makarantar ƙarin darasi ta dare zai nufa.

Allunan sunansu ema, wuraren kuma na addinin Shinto ne, ana ce musu Tenmangu. Na leƙa na Yushima a Tokiyo cikin sanyin Janairu, gab da jarrabawar shiga jami'a, don kallo kawai, na tarar an jibga allo kan allo har ba a ganin katakon da aka ɗaura su. Abokina ya karanta mini ɗaya, rubutun wata uwa ne, ta ambaci jami'ar da sashen da ɗiyarta ke nema.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda suke roƙo. Mutum ne, Sugawara no Michizane, malami kuma mawaƙi, wanda iliminsa ya kai shi muƙamin babban waziri, sai mahassada suka yi masa sharri wurin sarki, aka kore shi zuwa Dazaifu, wani gari mai nisa da fadar sarki, a 901, ya mutu can a 903 cikin ƙunci. Duk wanda aka taɓa ƙulla wa sharri a wurin aiki, kamar yadda aka yi mini shekarun baya har na bar kujerata, ya san zafin wannan. Bayan mutuwarsa tsawa ta faɗa wa fada, kai, bari in gyara, ba nan take ba, sai a 930, ta kashe wasu fadawa. Tsoro ya kama su, suka gina masa wurin bauta na Kitano a Kiyoto a 947 don ya huce, sai daga baya aka mayar da shi uban masu neman ilimi. Wato da yana raye ba su ga darajarsa ba, sai da suka ji tsoro.

Batun gunkin bijimi na wuraren bautar da ka tambaya kuwa, an ce bijimin da ya jawo gawar Michizane ne ya kwanta ya ƙi tashi, aka binne gawar a wurin. Ɗalibai na shafa kan gunkin don neman kaifin basira, har tagullar goshin ta goge tana ƙyalli.