Matambayi Ba Ya Ɓata: Kwalbar Port Da Ta Shekara A Kabad

Duk shekara idan Disamba ta kama, wasiƙun da ke zuwa mini kan karkata kan abin da za a sa a tebur ranar Kirsimeti da daren sabuwar shekara. Na san da yawa cikin masu karatunmu ba sa shan giya, su ma akwai tasu tambayar a ƙasa. Ni kuwa na yi shekara goma sha ɗaya ina zuba wa baƙi ruwan inabi a ɗakin cin abinci na wani otal, don haka abin da hannuna ya saba da shi nake faɗa.

Tambaya: Baba, barka da aiki. A Kirsimetin bara surukina ya ba ni kyautar kwalbar Port, wato giyar inabi mai zaƙi da ƙarfi, an rubuta Vintage a jikinta. Muka buɗe muka ɗan kurɓa, na mayar da matoshin na ajiye ta a kabad. Ga shi Kirsimeti ta sake zagayowa. In fito da ita in ba baƙi? An ce irin wannan tana ƙara daɗi idan ta tsufa.

Amsa: Ɗana, sai haƙuri, waccan kwalbar ta riga mu gidan gaskiya. Wanda ya ce maka tana ƙara daɗi da tsufa bai yi ƙarya ba, amma ya manta ya ƙara da cewa sai a toshe take. Ranar da ka zare matoshin, iska ta shiga, ranar ce agogo ya fara lissafi. Vintage kwana biyu zuwa uku take da su bayan an buɗe ta. Ba za ta cutar da baƙinka ba, sai dai za su ji abu mai zaƙi wanda ƙamshinsa ya gudu, su yi shiru don kunya.

Bari in faɗa maka dalili, don kada ka sake yin wannan asarar. Port daga kwarin kogin Douro take fitowa, a arewacin Fotugal, yankin da aka shata wa iyaka tun 1756 zamanin Marquês de Pombal, babban ministan ƙasar a lokacin. Yayin da ruwan inabin ke tsima, kafin yis ya cinye sukarin duka, sai a zuba masa barasar inabi mai ƙarfin kusan kashi 77 cikin ɗari. Yis ya mutu, zaƙi ya tsaya, ƙarfin abin sha ya tashi zuwa kusan kashi 20. Shi ya sa ake zuba ta a ɗan ƙaramin tambulan, kuma shi ya sa mutane ke zaton ba ta lalacewa. Sai dai Port iri-iri ce, kowace da yadda aka raine ta.

Vintage daga girbin shekara ɗaya tak take, shekarar da masu gidan suka ga ta yi fice. Shekara biyu ko uku kawai take yi a ganga, sai a ɗura ta a kwalba ba a tace ba, ta yi shekara ashirin ko talatin a can ba ta ga iska ba. Kamar amaryar kulle ce, fitowa ɗaya rana ta gigita ta. Ita kuwa Tawny, wadda za ka ga an rubuta mata 10, 20, 30 ko 40, a ƙananan gangunan katako ta girma, iska na ratsa ta kaɗan-kaɗan har launinta ya koma ruwan ƙasa. Ta riga ta saba da iska, don haka za ta kai maka wata guda, har ma ta ɗara, idan ka toshe ta ka sa a firiji. Ruby, wato ja wadda ba ta daɗe da tsufa ba, da wadda ake rubuta wa LBV, wato ta girbin shekara ɗaya da aka jinkirta ɗurawa a kwalba, suna tsakani, mako biyu zuwa uku a firiji.

To, idan gidanka irin wanda ake kurɓa kaɗan a ajiye ne, Tawny mai shekara 10 ce taka. Ni kaina ita nake saya, mai ɗan sanyi nake son ta. Vintage kuwa a bar ta sai ranar da mutum takwas ko goma suka zauna da niyyar ganin ƙarshenta. Ranar, ka tsayar da kwalbar tun jajibiri domin lakar da ta taru ta kwanta a gindi, sannan ka tsiyaye ta a hankali cikin wani mazubi, ka dakata da zarar ka ga laka ta iso wuyan kwalba. Na taɓa ganin wani sabon yaro a wurin aikinmu ya girgiza kwalbar Vintage kamar maganin tari kafin ya kai wa baƙo. Har yau idan na tuna sai in dafe kai.

Tambaya: Baba, mutum goma sha biyu zan karɓa. Kwalba nawa zan saya, kuma a ina zan ajiye su kafin ranar?

Amsa: Ɗiyata, idan ruwan inabi na yau da kullum ne ba Port ba, kwalba ɗaya mililita 750 ce, tana ba da tambulan biyar ko shida. Ki yi lissafin rabin kwalba ga kowane mai sha, ki cire masu tuƙi da waɗanda ba sa sha. Sau da yawa za ki ga biyar sun wadatar.

Wurin ajiya, ki nemi mafi sanyi da duhu a gidan. Abin da ake so shi ne wajen digiri 12 zuwa 14 a ma'aunin Salshiyas, amma ba kowa ke da shi ba. Abin da ke kashe ruwan inabi shi ne zafi da hasken rana da sauyin yanayi, don haka saman firiji da kusa da murhu da but ɗin mota duk ki guje su. Mai matoshin ɓawon itace a kwantar da ita idan za ta daɗe, domin matoshin ya kasance a jiƙe. Mai murfin murɗawa ba ruwanta, tsaye ko kwance.

Kuskuren da na fi gani shi ne a kawo jan ruwan inabi da ɗumi, fari kuma da sanyin ƙanƙara. Jan yana son digiri 15 zuwa 18, ki sa shi a firiji minti ashirin kafin a zuba. Farin ki fito da shi minti ashirin kafin a zuba. Abin da ya rage a toshe a mayar firiji, har da jan, a shanye cikin kwana uku zuwa biyar. Idan kuma kin buɗe kika ji warin jiƙaƙƙen kwali, matoshin ne ya ɓata shi tun daga masana'anta, ba laifinki ba ne.

Tambaya: Gaskiya ne idan aka sa cokali a bakin kwalbar shamfen kumfar ba ta gudu?

Amsa: Tatsuniya ce. Sanyi ne ke riƙe kumfa, sai matoshi na musamman mai maƙalewa. Da shi za ta kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya fi damuna shi ne buɗewar. Matsin da ke cikin kwalbar ya ninka na tayar mota kusan sau uku. Ka riƙe matoshin, ka murɗa kwalbar, kada ka auna fuskar kowa.

Tambaya: Baba, ni ba na shan giya, addinina ya hana. Abokin aikina ya gayyace ni walimar ƙarshen shekara, ya ce ya tanadar mini ruwan inabi marar barasa. In sha?

Amsa: Malam, ka karanta jikin kwalbar da idonka kafin a zuba maka. Abu biyu ne ake kira da wannan sunan. Akwai ruwan 'ya'yan inabi zalla da bai taɓa tsima ba, wani ma an sa masa kumfa. Akwai kuma wanda sai da ya zama giya sosai sannan aka cire barasar da na'ura, kuma irin wannan yakan rage da ɗan abin da bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Hukuncinsa a addini malamanka za ka tambaya, ni dai na faɗa maka abin da ke ciki. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka ce wa abokin naka tun yanzu ya sayo na farkon. Ya kuma ware maka tambulan dabam, domin a tsakiyar walima duk jan abu a gilashi kama ɗaya yake yi, har ni da nake aikin na sha rikicewa.