Kuɗin rajistar ƙanena sun tafi a cacar ƙwallo

Tambaya: Ina aikin jinya a Ingila, ni ke ɗauke da karatun ƙanena a jami'a a Samaru. Na gano kuɗin rajistar da na tura masa ya zuba su a cacar ƙwallo ta waya, har ya ci bashi. Ya rantse ya daina. In janye hannuna ne? In gaya wa Hajiyarmu, ga ta da hawan jini?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri. Kada ki janye hannu, amma daga yau kada tsabar kuɗi su sake bi ta hannunsa.

Rantsuwar da ya yi, na yarda har zuciyarsa ya yi ta. Sai dai caca in ta kama mutum ta zama ciwo, rantsuwa kaɗai ba ta raba shi da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtuka, ta kuma ƙiyasta cewa kashi 1.2 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna fama da ita. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce a 2024 adadin ya kai kusan mutum miliyan 80. Babbar alamarta ita ce ramuwa: an cinye shi yau, gobe ya koma don ya fanshe, sai ramin ya ƙara zurfi. Da can ɗan karta sai ya nemi lungu ya ɓuya. Yanzu yaro na kwance a ɗakin ɗalibai, cikin dare, kuɗin zango guda su ƙare ba wanda ya gani.

Kuɗin makaranta, ya turo miki lambar Remita ki biya da kanki. Haya ta tafi ga mai gida kai tsaye, abinci kuma a auno masa a kasuwar Samaru. Bashin nan kada ki share shi gaba ɗaya; sau da yawa yin haka buɗe masa ƙofar cin wani ne. Ya rubuto miki duk wanda ke binsa, musamman manhajojin bashi masu kiran dangi suna tozarta mutum, sannan a biya sannu a hankali, shi ma da nasa gumin a ciki.

Haramcin caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, ya san shi. Yawan gori kuwa ɓoyo yake koya wa yaro. A kai shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. Ki tambaye shi ƙarara ko ya taɓa tunanin kashe kansa, domin masu wannan ciwo suna cikin wannan haɗari fiye da sauran mutane. In ya ce e, a kai shi a ranar.

Hajiya, a ɗan saurara mata. Ki fara samun kawu ko yaya mai rufin asiri a Zariya wanda zai riƙa ganinsa ido da ido.

Ke ma ki kula da takardunki. Mai bizar da wurin aiki ya tsaya masa, aikin gefe da aka yarje masa bai wuce awa 20 a mako ba. Kada ki ƙetare don biyan bashin wani. Layin taimako na GamCare, ƙungiyar da ke taimaka wa masu matsalar caca a nan Ingila, kyauta ne dare da rana, kuma suna sauraron dangin mai caca. Ki kira su.