Hukuncin sa hannu a rahoton da ake sassauta wa kamfanin baƙi haraji da shi

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibinku ne daga Garwa a ƙasar Kamaru. Ina aiki a wani ofishi mai zaman kansa da ke rubuta wa kamfanoni rahoton kare muhalli. Yanzu muna aiki da wani kamfanin baƙi mai jimar fatu, wanda ke neman gwamnati ta rage masa haraji saboda ya ce yana tace ruwan dattinsa kafin ya sake shi a rafi, kuma yana biyan ma'aikata haƙƙinsu. Mahaifina ɗan kasuwa ne, kullum masu karɓar haraji suna bakin rumfarsa. Wani mai wa'azi ya gaya masa cewa sassauta wa kafiri alhali Musulmi na biya jiɓintar kafirai ne, kuma albashina haram ne. Tun daga ranar Baba ya daina cin cefanen da nake kawowa. Ni dai ruwan gwaji kamfanin ne ke aiko mana a kwalabe, mu auna, in sa hannu. In mun je wurin kuma su ke ba mu mota da ɗan abin shan ruwa. Mene ne hukuncin aikina?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Maganar mai wa'azin nan warwararta ba wuya. Kwalaben da ka ambata a ƙarshe kamar a wuce su ne suka tsaya mini a rai, kuma a kansu hukuncinka yake juyawa.

Halal ne shugaba ya rage wa mai zuba jari haraji idan amfanin da jama'a za su samu ya fi abin da baitulmali zai rasa, domin tasarrufin shugaba a kan talakawansa da maslaha aka ɗaure shi. Dokar Kamaru ta 18 ga Afrilu 2013 kan ƙarfafa zuba jari, a wancan lokacin, ta ba da rangwame har shekara 5 lokacin kafa masana'anta da shekara 10 lokacin aiki, bisa sharuɗɗa irin su ɗaukar 'yan ƙasa aiki, fitar da kaya waje, da sarrafa albarkatun gida. Ta kuma sa yaƙi da gurɓata muhalli cikin abubuwan da ake rage haraji dominsu. Sharuɗɗa ne masu kyau, cika su wajibi ne a kan wanda ya karɓa, babu saɓani a nan.

Shi kuwa mai cewa jiɓinta ce, ya haɗa abubuwan da shari'a ta raba. Jiɓintar da aka hana ita ce son kafirci ko taimaka wa maƙiya a kan addini. Ciniki da yarjejeniya ba sa cikinta, ai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Yahudawan Haibara suna noman ƙasar a kan rabin amfanin gona. Kuma a mas'alar haraji kanta muna da nassi a littafin da muke karantawa a zaurukanmu. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar yana karɓar rabin ushuri daga fataken Nabaɗawa a kan alkama da mai, yana nufin a yawaita kawo su Madina, amma a kan dangin wake yana karɓar ushuri cikakke. Fatake ne waɗanda ba Musulmi ba, halifa ya rage musu kashi 10 zuwa kashi 5 cikin ɗari a kan kayan da mutanensa suke buƙata, ya bar musu cikakke a kan saura. Wa zai buɗe baki ya ce Umar ya jiɓinci kafirai?

Na san abin da masu ra'ayin mai wa'azin nan za su mayar. Za su ce ko bayan ragin, baƙon yana biyan fiye da Musulmi, tunda Musulmi rubu'in ushuri, wato kashi biyu da rabi cikin ɗari, yake bayarwa. To abin da Musulmi yake bayarwa zakka ce, ibada ce mai nisabi da shekara da wuraren da Allah ya ƙayyade mata. Harajin da ake karɓa yau a Garwa ko Marwa ko Injamena ba zakka ba ne, ba jiziya ba ne, kuɗi ne da hukuma ke ɗora wa kowa ba tare da ta tambayi addininsa ba. Za su kuma ce Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibn Abi Zaid, ta keɓe ragin da Makka da Madina. Gaskiya ne ta keɓe, domin buƙatar mutanen garuruwan nan biyu ga abinci. Ni ban ɗauko adadin rabin ushuri na ɗora wa Kamaru ba. Abin da na ɗauko shi ne cewa shugaba yana da damar ya sassauta wa baƙo don amfanin mutanensa, kuma dalilin a bayyane yake cikin ruwayar. Bayan haka, wa ya ce kowane baƙo kafiri ne? Akwai Musulmi cikin masu zuwa da jari daga waje, akwai wanda ba Musulmi ba cikin 'yan ƙasa, dokar ma da ɗan ƙasa da baƙo duka ta ambata. Ina jin tsoron Allah ga mai wa'azin da zai haramta wa mutum abincin ɗansa da hujja irin wannan. Haramta halal ba ƙaramin laifi ba ne, balle a raba uba da ɗa a kansa.

Yanzu kwalabe. Rangwamen nan an rataya shi a kan sharaɗi, kuma sa hannunka shi ne shaidar cewa an cika sharaɗin. Kai shaida ne, shaida kuwa ba ya faɗin sai abin da ya sani. Me ka sani? Ka san abin da ke cikin kwalbar da aka miƙo maka. Ba ka san inda aka ɗebo shi ba, ko a bakin bututun da ke zuba a rafi, ko a famfon ofishin manaja. Ka fi ni sanin cewa jimar zamani da sinadarin kuromiyom ake yawan yinta, kuma tace shi kuɗi ne kullum, na wuta da na magani. Injin tacewa yana iya tashi ranar da baƙi za su zo, a kashe shi da sun juya baya, a saki ruwan da dare. Ruwan da aka ɗeba a watan Agusta lokacin da rafi ya cika ya batse, komai zai ɓace a cikinsa. A Maris da Afrilu ake sanin gaskiya, lokacin da ruwa ya ja ya bar 'yan kududdufai, makiyayi ya koro shanunsa can, mai lambun albasa ya sa injin ban ruwa, mata suna wanki, yara suna wanka, sauran kuma ya gangara Binuwai inda masunta ke jefa koma. Mutanen nan abokan tarayya ne a ruwan, kuma ba wanda ya shawarce su.

Ka tuna abin da ya faru a Cadi. A watan Agusta 2013 gwamnati ta dakatar da kamfanin mai na CNPC na ƙasar Sin bayan an tarar da ɗanyen mai an zuba shi a ramuka a kudancin ƙasar. A 2014 ta ci shi tarar dala biliyan 1.2, daga baya aka daidaita a kan dala miliyan 400. Zuwa wurin aka yi aka gani, kuma gani ya kori ji.

Saboda haka asalin aikinka halal ne, albashinka halal ne, abin da ka ci a baya na aikin awo da rubutu ba sai ka fitar da shi ba. Amma haram ne ka sa hannu a kan cewa ruwan da kamfanin ke saki mai tsabta ne alhali ba ku kuka ɗebo ba, ba kuma wani amintacce da ba ya cin albashinsu ba. In ka yi, ka haɗa shaidar zur da taimaka wa cin dukiyar jama'a, domin harajin da aka yafe kuɗin asibiti ne da makaranta da hanya, ga alhakin duk wanda ruwan ya cutar. Ka nemi gafarar Allah a kan rahotannin da suka wuce, wanda kuma za ka iya gyarawa ka gyara.

Mafita tana hannunka. Ku je da kanku, ba tare da sanarwa ba in yarjejeniyarku ta ba da dama, ka ɗebo a bakin bututun da hannunka, ka rufe kwalbar ka rubuta rana da sa'a, ka koma da rani. In ofishinku ya ƙi, ka rubuta ƙarara a cikin rahoton cewa kun auna ruwan da kamfani ya kawo ne, ba ku kuka ɗebo shi ba. Wannan gaskiya ce, kana iya sa mata hannu. In suka goge layin nan suka ce ka sa, kada ka sa, ka fara neman wani aikin tun yanzu. Ka kuma tsaya da leburorin a bayan idon shugabanninsu ka dubi hannayensu, ka tambaye su safar hannu da takalmin roba da ranar biyan albashi, tunda rahoton ya shafi haƙƙinsu.

Mota, in tana rubuce cikin kuɗin aikin kuma ofishinku ya sani, ba laifi. Abin shan ruwan kuwa ka mayar musu. Hadisin ma'aikacin zakkan da ya ce wannan naku ne wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi ya tsawata masa, ka san shi.

Ina ƙara wata magana ga masu tsara waɗannan dokoki, ko Allah zai sa ta kai gare su. Barin cutar da mutane wajibi ne a kan kowane kamfani, dokar muhalli ta Kamaru ta 1996 ma ta riga ta wajabta binciken illar manyan ayyuka kafin a fara su. Bai dace a saka wa mutum da dukiyar jama'a don kawai bai zuba musu guba ba. Sakayya ta dace da wanda ya yi ƙari, ya sake amfani da ruwansa, ya koya wa 'ya'yanmu sana'a, ya sayi fatu a hannun mahautanmu da farashin adalci. Kuma a biya bayan an gani, kamar yadda malamanmu suka ce a babin ji'ala, wato alkawarin lada ga wanda ya cika wani aiki, cewa ba a cancanci lada sai an kammala aiki. Musulmin da ke da hannun jari a irin kamfanin nan kuma, rangwamen gwamnati bai sauke masa zakka ba.

Mahaifinka fa, kada ka je masa da wannan amsa kamar wanda ya ci nasara a shari'a. Fatawar da aka ba shi kuskure ce, amma ciwon da ke ransa gaskiya ne. Mutumin da ake tsaya wa a bakin rumfa kan 'yan jakunkuna, ya ji an yafe wa mai miliyoyi shekara da shekaru, dole ransa ya sosu, kuma matsa wa ƙaramin ɗan kasuwa fiye da ƙarfinsa zalunci ne ko da babu baƙo a ƙasar. Ka nemi wani dattijo ko limamin da yake jin maganarsa ya karanta masa ruwayar Muwaɗɗa, kai kana zaune ƙasa ka yi shiru. Ka gaya masa da bakinka abin da ka ƙudura game da kwalaben da abin shan ruwan. Kafin ya sauko, kada ka daina hidimar gidan, ka ci gaba da kai wa mahaifiyarka da ƙannenka, shi kuma kada ka tilasta masa ci.

Allah ne mafi sani.