Tarbiyya, Karama, da Cikin da Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

Wani ɗan'uwa daga Zariya ya tambaya: tarbiyyar da 'yan ɗarika ke faɗa, ita ce tarbiyyar yara?

Kalma ɗaya ce, malam. Daga Larabci muka aro ta, tushenta kuwa girma da ƙaruwa. A bakin sufaye, shehi ne ke renon zuciyar muridi, wato almajirinsa, da zikiri, wani lokaci har da halwa, sai hassada da girman kai da son a gani sun sake ta, ta san Ubangijinta. Wannan sanin shi suke kira ma'arifa, kuma shi ne manufar. Kalmar ta ƙara yaɗuwa a ƙasar Hausa ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ta ƙasar Senegal, wanda ya bayyana failarsa, wato kwararar ma'arifa ga mabiyansa, a 1929. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda wasu matasa ke cewa "na gama tarbiyya", kamar wanda ya karɓo takardar makaranta. Reno ai ana ganinsa ne a hali. Wanda ya fito halwa yana wulaƙanta maƙwabcinsa, me aka rena?

Wata baiwar Allah daga Maraɗi: mene ne bambancin mu'ujiza da karama?

Mu'ujiza ta annabawa ce, karama ta waliyyai. Don Allah a daina kiran tsira daga haɗarin mota mu'ujiza.

Wani ɗalibi daga Sakkwato ya ce: in Bahaushe ya ce "ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba", me ya sa bayin Allah ke ba da labarin abin da suka gani a mafarki ko a halwa?

Ɗana, karin maganar tana koyar da riƙe sirri, amma ba ta ce a binne komai ba. Hujjar masu faɗa ita ce ayar ƙarshe ta Suratud Duha, inda aka yi umarni da ba da labarin ni'imar Ubangiji. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya rubuta cewa yana da shekara 40 da 'yan watanni, wajen 1794, ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. Ni a fahimtata, ya rubuta ne don jama'arsa su samu ƙarfin zuciya, su kuma san inda wuridinsu ya samo asali. Sai dai hadisi ya sa iyaka: kyakkyawan mafarki, wanda kake ƙauna kaɗai ake faɗa wa. Shi ya sa muridi ke kai abin da ya gani gaban shehinsa, a tantance masa ko ilhami ne ko ruɗin Shaiɗan. Wanda kuwa ke shelar nasa a Facebook kowace safiya, ina ji masa tsoron riya.

Tambaya ta ƙarshe: karama da karamci dangi ne?

Ƙwarai. Tushensu ɗaya a Larabci, wato girmamawa da kyauta.