Me ya sa bim ba ya ɗaukar nauyin dakin a ETABS?

Injiniya, ka ce ka zana dakin (deck) na kwanon ƙarfe da kankare a kansa a ETABS, manhajar lissafin ƙarfin gini, amma wasu bim, wato ginshiƙan kwance da ke riƙe da shi, sun fito kamar ba a ɗora musu komai ba. Fara duba kibiyar da ke kan dakin ɗin. ETABS yana ɗaukar sashen Deck a matsayin Membrane (shimfiɗar da ba ta riƙe lanƙwasa da kanta, sai dai ta miƙa wa bim nauyi), kuma ta gefe ɗaya kawai yake kai nauyi, wato inda kibiyar ta nufa. Idan tana tafiya a layi ɗaya da ƙananan bim ɗinka, manyan ne za su kwashe komai. Juya ta digiri 90, ka sake gwadawa.

Ni ma na taɓa ɓata yini guda a kan wannan, ina ta zargin manhajar, ashe laifina ne.

Kada ka ce za ka maida dakin ɗin Shell, wani nau'in shimfiɗa a manhajar, don ka huta. Shell yana riƙe wani ɓangare na lanƙwasa da kansa, sai bim ya fito ƙarami fiye da yadda ya kamata.

Sannan ka ɗauki biro: kankare mai kaurin milimita 150 nauyinsa kusan kilonyutan 3.6 ne a kowace murabba'in mita. Ninka da faɗin da bim ke ɗauka, ka kwatanta da abin da kwamfuta ta ba ka.