Jijiyar da aka ɗinke: yaushe yatsu za su sake ji?

Ɗan'uwa daga Aboabo, ka ce wuƙar fawa ta yanke maka jijiya a wuyan hannu, an ɗinke a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi wata biyu ke nan, amma yatsu uku ba sa jin taɓi. Da saura, kada ka karaya. Ɗinki kuben jijiyar kawai yake haɗawa. Zaren da ke ɗauke da saƙo, wato akson, sashensa na gaban yankan mutuwa yake, sai ya sake tofowa daga baya, domin uwar ƙwayar da zaren ya fito daga cikinta tana can kusa da lakar ƙashin baya da ranta. Tofon kuwa kimanin milimita 1 ne a rana. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa wajen santimita 18 ne, ka ga wata shida ko fiye.

Ka riƙa ƙwanƙwasa hanyar jijiyar a hankali. In wurin da kake jin tsir kamar lantarki yana matsawa wajen yatsu kowane wata, tana tafiya. In ya tsaya wata uku cur, koma wurin likita, don tsokar da ta shekara ɗaya da rabi ba saƙon jijiya da wuya ta farfaɗo. Ka kiyayi wuta da ruwan zafi, yatsan zai ƙone ba ka sani ba.